Abin da Ya Hana Kundin "Grace" na Jeff Buckley Tsufa

Tambaya: Ƙanena da ke jami'a ya maƙale wa wani kundin waƙoƙin rok mai suna Grace na wani Ba'amurke, Jeff Buckley, wanda ya fito tun kafin a haife shi. Na ji an ce shi kaɗai mawaƙin ya kammala kafin ya rasu. Shin akwai wani abu a cikin kundin da ya sa ya daɗe haka, ko kuwa tausayin mutuwar ƙuruciya ne kawai yake ɗaukar mutane?

Amsa: Malama, tambayarki tana da tushe, domin babu mai musun cewa mutuwar ƙuruciya tana ƙara wa mawaƙi kwarjini a idon waɗanda ya bari. Sai dai tausayi yakan sa mutum ya saurari faifai sau ɗaya ne ko sau biyu, ba ya zaunar da saurayi ɗan jami'a ya riƙa maimaita waƙoƙi goma dare da rana bayan shekara talatin da fitowarsu, kuma mawaƙan da suka rasu da ƙuruciya aka manta da faya-fayansu sun fi waɗanda ake tunawa da su yawa nesa ba kusa ba. A matsayina na wanda ya daɗe yana aikin ɗaukar sauti da haɗa shi, abin da na fahimta shi ne, dalilin da ya hana wannan kundi kasuwa a shekarar da ya fito shi ne ya raya shi har yau. Bai yi kama da zamaninsa ba, saboda haka da zamanin ya shuɗe bai tafi da shi ba.

Kamfanin Columbia ya fitar da Grace a Amurka ranar 23 ga Agusta, 1994, wata huɗu bayan mutuwar Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana, a lokacin da gidajen rediyon rok ba sa neman komai sai irin kiɗan da ya taso daga birnin Seattle, mai jita mai gurnani da murya mai kaushi da fushin samartaka. Ana cikin wannan yanayi sai ga wani saurayi ɗan shekara 27 da murya mai iya siririncewa har mai sauraro ya rasa ta namiji ce ko ta mace, yana rera waƙar da aka fi sani a bakin mawaƙiyar Amurka Nina Simone, yana kuma rera wata tsohuwar waƙar addini ta Ingila da ta haura shekara ɗari biyar. Masu tsara shirye-shiryen rediyo suka rasa inda za su ajiye shi. Kundin bai wuce matsayi na 149 a jadawalin cinikin kundaye na mujallar Billboard ba, kuma sai a 2002 ya sami shaidar sayar da kwafi dubu ɗari biyar a Amurka, shaidar miliyan ɗaya kuwa sai a 2016. Faransawa ne suka riga 'yan ƙasarsa gane shi, domin tun a 1995 cibiyar Charles Cros ta ba shi babbar lambar yabonta, kuma a wannan shekarar ya yi wasa a zauren Olympia na Paris. Duk wanda ya san kasuwar waƙa ya san cewa irin wannan tafiyar hawainiya ba talla ce take kawo ta ba, aboki ne yake miƙa wa aboki, yaya yake bar wa ƙane.

Ana kiran Grace kundinsa na farko, kuma haka ne, amma kalmar tana iya ruɗar mutum ya ɗauka aikin sabon shiga ne. An haifi Buckley a jihar Kalifoniya ranar 17 ga Nuwamba, 1966. Mahaifinsa, Tim Buckley, mawaƙi ne da ya fitar da kundi tara, wanda ya rabu da uwar yaron tun kafin a haife shi, kuma ɗan bai yi wani zama da shi ba sai na 'yan kwanaki yana ɗan shekara takwas, kafin ƙwaya ta kashe uban a 1975 yana da shekara 28. Yaron ya tashi ana kiransa Scott Moorhead, da sunan mijin mahaifiyarsa, wanda shi ne ya fara jiyar da shi ƙungiyar rok ta Birtaniya Led Zeppelin, ita kuma uwar ta yi karatun fiyano da kiɗan gargajiyar Turai. Bayan sakandare ya yi shekara guda a makarantar koyon kiɗa a Hollywood, sannan ya shafe shekaru yana kaɗa wa wasu jita a ƙungiyoyi iri-iri, daga masu jaz zuwa masu rege zuwa masu rok mai nauyi, ba tare da ya fito gaba a matsayin mai waƙa ba. A tsarinmu sai mu ce ya daɗe yana ɗan amshi da makaɗi kafin ya zama uban waƙa, kuma wanda ya bi ta wannan hanya kunnensa yakan riga bakinsa nuna.

Muryar ta fito fili ne a Afrilun 1991, a wani taron tunawa da mahaifinsa da aka yi a cocin St. Ann da ke Brooklyn, inda tsirkiyar jitarsa ta tsinke ana dab da ƙarshen waƙa, ya ƙarasa da murya zalla. Daga nan ya zauna a New York, kuma daga 1992 ya mayar da wani ɗan ƙaramin shagon shan kofi mai suna Sin-é makarantarsa, inda yake tsayawa duk daren Litinin shi kaɗai da jitar lantarki ta aro ƙirar Telecaster, yana rera duk abin da ya ga dama: na Nina Simone, na Van Morrison, na Edith Piaf da Faransanci, na Bob Dylan. Wannan zama shi ne asalin kundin, kuma a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Mawaƙin da ke tsaye taku biyu daga teburin masu shan kofi, babu ganga a bayansa, babu hasken dandamali, ba shi da abin da zai sa mutane su yi shiru sai sarrafa murya da numfashi, ya san lokacin da zai yi ƙasa har sai an miƙo kunne da lokacin da zai saki maƙogwaro. Cikin 'yan watanni motocin manyan kamfanonin waƙa suka fara layi a ƙofar shagon, ya sa hannu da Columbia a ƙarshen 1992.

Akwai malami guda cikin waɗanda ya kwaikwaya da ya kamata in tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin da zai fi buɗe wa kunnen Bahaushe wannan kundi. Shi ne Nusrat Fateh Ali Khan na Pakistan, sarkin ƙawwali, wato waƙoƙin bege da zikiri na Sufayen ɗariƙar Chishtiyya. Buckley da kansa ya rubuta cewa ya fara jin muryarsa ne a unguwar Harlem a 1990, kuma daga ranar ya zama almajirinsa daga nesa, har yakan ce shi ne Elvis ɗinsa, wato gwarzonsa kamar yadda Elvis Presley yake ga masoya rok. Ya haddace waƙarsa da harshen Urdu yana rera ta a Sin-é, daga baya kuma ya zauna da shi ya yi masa tambayoyi don wata mujalla a farkon 1996. Ginin ƙawwali kuwa sananne ne. Ana farawa a hankali da harmoniya, wato akwatin kiɗan nan mai zugazugi da muka saba ji a waƙoƙin Indiya, jagora ya yi ta jan murya ba kalma, sannan a kama baiti ɗaya a yi ta juya shi ana tafi ana amshi, kowane zagaye ya ɗara na baya zafi, har shauƙi ya kama majalisi. Duk wanda ya taɓa zama a majalisin mandiri na Ƙadiriyya a Kano ya san yadda maimaici da hauhawa suke aiki a jikin mutum. Ba manufa nake haɗawa ba, domin waƙoƙin Buckley na soyayya ne da rabuwa da tunanin mutuwa, dabarar gini kawai nake nufi. Yawancin waƙoƙin rok suna tafiya ne baiti, amshi, baiti, amshi, kamar ɗakunan haya masu fasali ɗaya, nasa kuwa hawa suke yi kamar matakala.

Waƙar farko, "Mojo Pin", ta isa misali. Tana buɗewa da 'yan ƙwayoyin jita da wani siririn amo da ba za ki tantance murya ce ko kayan kiɗa ba sai bayan daƙiƙoƙi, ta yi ta lallaɓawa, ta taso, ta koma, sannan a ƙarshe ganguna da jita su rufto gaba ɗaya. Ita da waƙa ta biyu, wadda kundin ya ci sunanta, sun samo asali ne daga kiɗan jita na Gary Lucas, wanda Buckley ya yi aiki da shi a farkon zamansa na New York, shi kuma ya ɗora musu kalmomi da karin murya. A ta biyun, wadda ke magana a kan rashin tsoron mutuwa ga wanda ya sami soyayya, yana riƙe wani dogon amo na sama a kusa da ƙarshe har sai mai sauraro ya ji nasa numfashin yana neman ƙarewa. Amma wadda nake ganin ita ce ƙololuwar rubutunsa ita ce ta bakwai, "Lover, You Should've Come Over". Da harmoniya take buɗewa, kamar majalisin Nusrat, sai ta zauna a kan wani kari mai rangaji, mai waƙar yana kallon jana'iza cikin ruwan sama yana lissafin wautar da ta raba shi da masoyiyarsa. Kusan minti bakwai take, kuma babu inda ta tsaya cik. A rabinta na biyu ya jera muryoyinsa bisa juna suka zama masa 'yan amshi irin na cocin baƙaƙen fatar Amurka, yana jefa magana suna karɓa. Saurayin da ya fara sanin ciwon rabuwa zai ji kamar don shi aka yi ta, mai shekara hamsin kuma zai ji wani abu dabam a cikinta, wato nadamar wanda ya san laifin nasa ne, kuma ina zaton a nan ƙanenki ya maƙale.

Ta fuskar sana'ata kuwa, akwai abin da ya taimaki kundin wanda mai sauraro ba ya lura da shi sai dai ya ji daɗinsa. An ɗauki yawancinsa ne a sutudiyon Bearsville kusa da Woodstock a ƙarshen 1993, tare da Mick Grondahl a jitar bes da Matt Johnson a ganguna, waɗanda ba su fi 'yan makonni da haɗuwa da shi ba, shi ya sa ake jin suna sauraron juna suna bin numfashin mai waƙa maimakon su yi ta bugun abin da suka haddace. Furodusan, Andy Wallace, shi ne ya haɗa sautin kundin Nevermind na Nirvana, saboda haka ya san yadda ake sa jita ta yi nauyi, amma a nan ya bar tazara mai faɗi tsakanin shiru da ƙara. A shekarun da suka biyo baya kamfanoni sun shiga gasar matse sauti don kowace waƙa ta fi ta kusa da ita ƙara a rediyo, abin da ke gajiyar da kunne ko da mutum bai san dalili ba. A Grace raɗa raɗa ce, tsawa kuma tsawa ce. Sannan ba a cika shi da na'urorin da suke yayi a lokacin ba. Jita ce da bes da ganguna da gogen Turawa da Karl Berger ya tsara, sai harmoniya da tabla, wato gangunan hannu na Indiya, kuma waɗannan kaya ba su da shekarar da za a ce tasu ce.

Uku daga cikin waƙoƙin goma na aro ne, kuma ɗaya daga cikinsu ta yi girman da ta kusa rufe sauran. Mawaƙin Kanada Leonard Cohen ne ya rubuta "Hallelujah", ya fitar da ita a 1984 a cikin wani kundi da kamfanin Columbia ɗin nan dai ya ƙi fitarwa a Amurka. A 1991 John Cale ya zaɓi wasu baitoci daga tarin da Cohen ya aika masa ya rera su da fiyano, kuma wannan zubin ne Buckley ya ji ya ɗauka. Kalmar Ibrananci ce mai nufin a yabi Ubangiji, kuma baitocin sun ɗebo daga labaran Sarki Dauda da Samson kamar yadda suke a Littafi Mai Tsarki na Yahudu da Kirista, amma waƙar ba ta ibada ba ce, magana take yi a kan soyayyar da ta karye da yabon da ke fita daga bakin wanda ya sha kaye. Buckley ya cire mata komai ya bar murya da jitar lantarki guda, ya buɗe ta da ajiyar zuciya da ake ji sarai a faifan. Bayan rasuwarsa masu shirya fina-finan talabijin na Amurka suka mayar da ita waƙar makoki, duk inda za a nuna mutuwa sai a sako ta. A 2008 wani ɗan takara ya rera ta a gasar American Idol, sai zubin Buckley ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da ake saye ta intanet, a Disambar wannan shekara kuma ya zo na biyu a Birtaniya, a bayan zubin da Alexandra Burke ta yi na waƙar. A 2014 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin rajistar faya-fayan da ake adanawa don tarihi. Wannan waƙa ita ce ƙofar da yawancin mutane suke shigowa ta cikinta, kodayake ni ina ganin an yi mata hawan ƙawara har ta fara gajiya, kuma ba ita ce ta fi nuna gwanintarsa ta marubuci ba tunda ba shi ya rubuta ta ba.

Kada in bar ki da zaton kundin ba shi da aibi. Masu sharhi sun rabu a kansa lokacin da ya fito, kuma waɗanda suka soke shi ba duka suka yi kuskure ba. Akwai wuraren da kalmominsa suke ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsu, irin rubutun saurayin da ya karanta waƙoƙi da yawa yana son a san ya karanta. Akwai kuma inda yake wasa da murya don kawai ya iya, kamar mahayin da ke sukuwa a inda tafiya ta isa. Waƙa ta tara, "Eternal Life", wadda ta fi kowace ƙara da fushi, ita kaɗai ce idan na ji nake tuna shekarar da aka yi ta, domin ita ce ta yi ƙoƙarin shiga sahun zamaninta. Duk da haka an ajiye ta a wurin da ya dace, nan da nan bayan "Corpus Christi Carol", tsohuwar waƙar nan da mai tsara kiɗa ɗan Ingila Benjamin Britten ya yi wa kari, wadda Buckley ya rera da siririyar murya cikin ƙasa da minti uku, ta yadda faɗowar ganguna bayanta takan firgita mutum ko da ya san tana tafe.

Yanzu sai batun mutuwar. A yammacin 29 ga Mayu, 1997, yana birnin Memphis yana jiran 'yan ƙungiyarsa su sauka don a ci gaba da aikin kundi na biyu, sai ya shiga ruwa a wani reshe na kogin Mississippi da tufafinsa da takalmansa, jirgin ruwa ya wuce ya tayar da igiya, ba a sake ganinsa ba sai ranar 4 ga Yuni da aka tsinci gawarsa. Binciken likitoci bai sami ƙwaya ko giya a jikinsa ba, aka rubuta haɗari ne. Yana da shekara 30. Nusrat ma ya rasu a Landan a watan Agustan wannan shekara, ƙasa da wata uku tsakani. Abin da mutuwar ta yi wa Grace shi ne ta bar shi shi kaɗai. An fitar da abin da ya bari na kundi na biyu a 1998, amma aiki ne da bai gama ba kuma bai gamsu da shi ba, saboda haka babu kundi na uku mai rauni ko na shida na neman kuɗi da zai rage wa na farko daraja. Ta kuma sa mutane suna jin waƙoƙinsa masu ambaton ruwa da ajali kamar duba ne ya yi wa kansa, abin da ni ban yarda da shi ba, domin saurayin da ya tashi da labarin uban da ya mutu yana da shekara 28 ba ya buƙatar duba kafin ya yi tunanin ajali. Waƙar ƙarshe, "Dream Brother", gargaɗi ce ga wani abokinsa kada ya gudu ya bar mace da ciki, kuma duk wanda ya san tarihinsa ya san inuwar wa take bayan wannan gargaɗi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ba tausayi ne kawai ba ita ce, mawaƙa sun riga mutuwar gane shi. Jimmy Page da Robert Plant na Led Zeppelin, waɗanda ya tashi yana kwaikwayo, sun yaba masa tun yana raye, David Bowie kuma ya lissafa kundin cikin waɗanda ya fi so. A 1994 Thom Yorke na ƙungiyar Radiohead ya je kallon wasansa a Landan, ya koma sutudiyo ya rera "Fake Plastic Trees" da irin siririyar muryar da a da yake jin nauyin fitarwa. Daga nan aka sami jerin mawaƙan Birtaniya maza, irin su na Coldplay da Muse, da suka mayar da wannan murya abin yau da kullum, wasu da kyau, wasu kuwa kukan kawai suka ɗauka suka bar horon da ke ƙarƙashinsa. Wannan ya sa yaron da aka haifa bayan 2000 ya saba da jikokin sautin kafin ya haɗu da kakansu, idan kuma ya haɗu da shi sai ya ji kamar ya daɗe da saninsa. Mujallar Rolling Stone ta sa kundin a matsayi na 303 cikin manyan kundaye 500 a 2003, da ta sake lissafi a 2020 sai ya hau zuwa na 147.

Idan kina son ki gwada da kunnenki, ki karɓi abin sauraro na kunne daga wurin ƙanen naki, domin lasifikar waya tana cinye rabin abin da na bayyana, musamman wuraren da aka yi ƙasa da murya. Ki tsallake "Hallelujah" a zaman farko, ki fara da ta bakwai, ki bi ta har ƙarshe ba tare da kin taɓa wayar ba. Bayan nan ki nemi kowace doguwar ƙawwali ta Nusrat ki saurari minti goma na farkonta, sannan ki dawo ki sa kundin daga waƙar farko.